Makarantar Gindin Inji

Issoufou ya tofa yawu a tafin hannunsa, ya kama mariƙin injin ban-ruwa ya murza da ƙarfi. Injin ya yi tari irin na tsohon mashayin taba, ya yi kamar zai fasa, sannan ya kama bugawa, dum-dum-dum, har ƙasa tana amsawa. Ruwa ya tunkuɗo daga rijiya ya bi magudana zuwa gindin dabinai. A rumfar da ke jingine da bangon ɗakin injin, yara suna zaune kan tabarmi, alluna a cinya, baki a rufe, idanu duk a kan matarsa, Malama Iyatu. Sai da ta ji ƙarar ta daidaita sannan ta ɗaga tsinken dabinon da take nuni da shi.

"To, bismilla. A buɗe maƙogwaro."

Suka kuwa buɗe. Duk wanda ya tashi a ƙasar Hausa ya san makarantar allo ba a tambayar inda take, kunne ne yake kai mutum. Amma wannan ta gonar dabino a bayan Jurf, wata unguwa a gefen Madina, ko a jikin katanga ka tsaya ba abin da za ka ji sai inji, kuma da gangan aka yi hakan. Babu mai igama a cikin yaran, wato takardar zama. Yaron da ba shi da ita a Madina ba ya shiga makarantar hukuma, in kuma motar kame ta ci karo da shi, to da shi da iyayensa sai Jidda, daga can sai jirgi.

Iyatu da mijinta mutanen Adar ne. Sun baro gida shekarar farin da ya ƙarar da shanu, suka biyo ƙasa da sunan aikin hajji, suka binne 'yarsu ɗaya tilo a wani gari na Sudan da har yau Iyatu ba ta son ambaton sunansa. Allah ya haɗa Issoufou da wani dattijon Balarabe mai gonar dabino, ya tsaya masa aka ba shi takarda, shi da matarsa. Iyatu kuwa 'yar malamai ce, zaman banza ba ya karɓarta. Ta riƙa ganin 'ya'yan Hausawa suna gararamba a bayan gari, ba karatun nan, ba na gida, sai ta sa Issoufou ya sassaƙa mata alluna daga akwatunan lemo, ta haɗa tawada da baƙin tukunya da ƙaro. Yanzu ga wani farin ya sake afka wa gida, kowane hajji yana barin sababbin iyalai a gari, rumfar har ta yi kaɗan.

Mai gonar ya san da makarantar sarai. Ranar da ya fara ganin takalman yara jere a bayan ɗakin inji, ya daɗe yana kallonsu, sannan ya ce da Issoufou shi fa tsufa ya kama shi, idonsa ba ya gani sosai, amma kunnensa ƙalau yake. Muddin bai ji ba, babu komai a gonarsa sai dabino. Ranar da ya ji kuwa, ko wani ya ji, to an rufe.

Saboda haka inji ne ladanin makarantar. In ya tashi a tashi, in ya mutu kowa ya haɗiye abin da ke bakinsa, ko da rabin kalma ce. Yaran har sun saba rangaji da bugunsa, suna kuma kiran Issoufou Baba Makina, don haka Larabawa suke ce wa injin.

"Malama," Issoufou yakan ce in ya leƙo, yana ɗaga murya a kunnenta, "dabinan ga sun sha ruwa har sun gaji. In ba ki tashi yaran ga ba, baɗi shinkahwa za mu shuka."

"Ƙara mini kaɗan, Maigida, Surajo bai biya ba."

Sai ya tafi yana gunaguni, ya ƙara wa injin mai.

Abu ɗaya ne yake damun Iyatu, ba ta kuma taɓa gaya wa kowa ba. Shekara da shekaru tana koyarwa, amma ba ta san muryar karatun ko ɗaya daga ɗalibanta ba. Da ido take gyara musu, tana kallon laɓɓa, in ta yi shakka ta manna kunne a bakin yaro ta tsinci abin da ta tsinta a cikin ƙara. Takan tuna zauren mahaifinta, inda karatun yara yake tsallake gonaki ya tarar da mata a bakin rijiya.

*

A cikin yaran duka, Dumbulwa ce ta shige mata rai, ko da yake in an faɗa sai ta musa. A goye aka shigo da ita ƙasar. Uwarta ta rasu tana ƙarama, ubanta Maigandi ya tafi Yanbu neman aiki a wajen masu ginin matatar mai, ya ce da ya kama aiki zai dawo ya yi wa kowa takarda. Yarinya ta yi haƙora, ta zubar, ta sake wasu, Maigandi bai dawo ba. Ya bar ta a hannun mahaifiyarsa, Inna Hajo, tsohuwa mai ciwon gwiwa da kaifin baki, wadda take sayar wa alhazai alkamar tattabaru a bakin maƙabartar Baƙi'a. Alhazai su saya su watsa don neman lada, tattabaru su ci su ƙoshi, Dumbulwa ta bi da tsintsiya ta share ragowar, a rairaye a sake ƙullawa. Da wannan suke ci, da safe kuma ta zo makaranta da ƙaiƙayin alkama a gashin ido.

Hausa kam tana ji, amma da Larabci take amsawa. Abla take ce wa Iyatu, ta ce wa kakarta Sitti, tsohuwar tana faɗa tana cewa ita ba ta haifi Balarabiya ba. Kai kuwa Allah ya ba ta. Abin da wasu suke kwana uku suna fama da shi, ita kafin a kashe inji ta wanke. Bayan hajjin bana da 'yan makonni ta kai ƙarshen izu sittin, ita ce ta fari da za ta yi sauka tun da aka kafa rumfar.

Issoufou ya so a dakata. "Malama, kame ya yi zahi yanzu. Ko jiya sun kwashe mutane a kasuwar tumaki. A bari gari ya huce."

"In munka bari, wa ya san wanda za shi rage cikin yaran ga wata mai zuwa? Su ga sauka da idonsu ko sau ɗaya, su san abin da suke wahala dominsa."

Ya dube ta ya ga ba ja da baya, ya ce to Allah shi rufa asiri.

Da Hajo ta zo jin yadda za a yi, Iyatu ta zaunar da ita a inuwa, ta zuba mata shayi, ta daɗe tana kewaye-kewaye kafin ta taɓo maganar. Kowa ya san Hajo maguɗiya ce a garinsu can wajen Gumel. Ita da bakinta take ba da labarin yadda ake aiko jaki daga ƙauyuka a ɗauke ta ranar suna ko biki, in ta kama hanci ta saki guɗa har kaji sai sun watse. Tun da ta taka ƙasar nan ba ta yi ko ɗaya ba. An yi haihuwa a ɓoye, an ɗaura aure a ɓoye, duk ta haɗiye.

"Inna Hajo, alfarma ɗaya nike nema."

"Na sani, Malama, ba sai kin faɗa ba. Ni yarinya ce da zan saki guɗa a nan? Ai guɗar nan ta mutu a cikina tuntuni, ko na neme ta ba zan same ta ba."

Dumbulwa, da ke wanke allo a gefe, ta ce, "Kazzaba, ya Abla, ƙarya take yi. Jiya a banɗaki na ji tana gwadawa a hankali."

"Ji ja'ira. Tari ne ya sarƙe ni."

Suka yi dariya har Iyatu tana share hawaye. Duk da haka ta yi dabararta. Ta ƙudura ranar sauka za ta ɗora wa Hajo farantin gumba, ta riƙe da hannu biyu, don kuwa maguɗiya ba ta guɗa sai ta kama hanci.

*

Ranar Alhamis da hantsi aka taru. Iyaye mata suka riƙa shigowa ɗaya-ɗaya ta ƙaramar ƙofa, kowace da ɗan abin da ta ƙullo a gefen mayafi, wata gyaɗa, wata busasshen burodi. Iyatu ta yi kwanaki tana zana allon zayyana, ta yi masa ado da ja da rawaya irin yadda ta ga mahaifinta yana yi. Ta ɗaura wa Dumbulwa farin mayafinta na aure, wanda ta ajiye wa 'yarta da ta rasu, ta sa mata kwalli, ta ja da baya ta dube ta, sannan ta yi sauri ta juya wai tana neman tsinkenta.

Al'ada ce ba malamin yaro ne yake shaidar saukarsa ba, sai an gayyato na waje ya saurara. Iyatu ta aika wa Malam Ashafa, wani saurayi Bazamfare da ke karatu a jami'a, wanda yakan zo jefi-jefi ya koya wa yaran lissafi da gawayi a jikin bango. Ya zo da farar jallabiyarsa, ya zauna kan buzu, Dumbulwa ta durƙusa gabansa da allo. Inji yana ta bugawa. Ta fara, laɓɓanta suna motsi, Malam Ashafa ya karkato kunne, ya ƙara matsowa, ya runtse ido. Can ya ɗaga hannu.

"Malama, ki yi haƙuri," ya faɗa da ƙarfi. "Wallahi ba na ji. Ku kun saba da shi, ni ban saba ba. Shaida kuma amana ce, ba zan ce na ji abin da ban ji ba."

Iyatu ta dubi mijinta. Ta san abin da ya kamata ta ce: a matsa can ƙarshen gona, ko Malam ya manna kunne kamar yadda take yi. Amma wani abu da ya daɗe a kwance ya motsa a ranta. Sau ɗaya dai, na ɗan lokaci kaɗan, ta ji da kunnenta. Shi kuwa Issoufou ya zauna da ita tsawon da ba ya buƙatar ta faɗa. Ya taka gungumen dabino ya leƙa bayan katanga. Hanya fayau, ba mota ba mutum. Ya sauko ya shiga ɗakin inji ya kashe shi.

Shirun da ya biyo baya har nauyi gare shi. Aka ji ruwa yana ɗiga a magudana, aka ji kurciya a saman dabino. Yaran duk suka kama bakinsu kamar yadda aka horar da su.

"Bismilla, 'yata," in ji Malam Ashafa.

Dumbulwa ta buɗe baki, murya ta ƙi fita. Tun tana 'yar mitsitsiya aka koya mata cewa in inji ya mutu shiru ake yi, yau kuma an ce ta yi karatu. Ta dubi Iyatu, Iyatu ta gyaɗa mata kai. Sai ta fara da raɗa, can ƙasa-ƙasa, yatsanta yana bin layi. Malam Ashafa da ke gab da ita yana ji, yana gyaɗa kai. Iyatu, daga inda take tsaye, ba ta samu komai ba sai ɗan sauti siriri, ta kuwa ji haushin kanta, ta ce ashe a banza ta sa aka yi kasada.

Yarinya ta kai aya ta ƙarshe ta tsaya. Malam Ashafa ya shafa fuska, idonsa ya kawo ruwa.

"Masha Allah. Na ji, na kuma shaida. Dumbulwa ta sauke."

Ƙarar faɗuwar faranti aka fara ji. Kafin Iyatu ta waiwaya, gumba tana birgima a ƙasa, Hajo ta kama hanci.

"Ayyiririri!"

Guɗar shekara goma ce ta fito a lokaci ɗaya. Ta huda rumfa, ta tsallake dabinai, ta tashi kurciyoyi, ta tafi inda Allah ya kai ta. Ba ta mutu ba ashe, ba ta ma tsufa ba. Matan nan da suka manta rabonsu da jin irinta suka fashe da kuka, wasu da dariya, ita kanta Iyatu ta ji ta a tsakar gidansu. Issoufou ya ruga ɗakin inji ya hau murzawa. Injin, da yake ya yi zafi, ya yi tari ya ƙi tashi.

*

Motar kame ba ta kan hanya, tana cikin gonar maƙwabta ne, an shiga duba ma'aikata. Larabawa ma suna guɗa, amma tasu da harshe ake kaɗa ta, ta Hausawa kuwa ta hanci take fita, duk wanda ya daɗe a aikin kame ya san bambancin.

Da aka ji tsayuwar mota a bakin ƙofa, yara suka yi abin da aka sha gwada musu. Suka bi magudanan ruwa a sunkuye, iyayensu mata a baya, suka fice ta ɓarakar katanga zuwa cikin duwatsu. Dumbulwa ma ta tafi, Iyatu da idonta ta ga farin mayafi ya ɓace a cikin dabinai, ta yi hamdala. Hajo ce ta yunƙura, gwiwa ta ce ba da ita ba. Ta koma ta zauna a tsakiyar gumbar da ta zube.

Mutum biyu suka shigo. Ba su yi tsawa ba, ba su taɓa kowa ba, da ganinsu sun gaji da aikin. Suka duba takardar Issoufou da ta matarsa, suka duba ta Malam Ashafa, suka mayar. Babban ya kalli alluna a warwatse da takalman da aka bari, ya kau da kai. Ya miƙa wa Hajo hannu. Ta buɗe tafukanta biyu ta nuna masa, ba takarda.

Suna ɗaga ta sai ga farin mayafi yana dawowa ta cikin dabinai, ba gudu ba sauri, allon zayyana a rungume.

"Koma," in ji Iyatu da Hausa, tana magana ta cikin haƙora. "Don Allah ɗiyata, koma."

"Wa zai riƙe ta a mota, ya Abla? Ba ta iya hawa."

Babban ya tambayi yarinyar da Larabci daga wace ƙasa take. Ta amsa masa da Larabcin da ya fi nasa zama na Madina, ta ce daga Jurf. Ya ce ba unguwa yake tambaya ba, ƙasa. Ta dubi kakarta, don ita ba ta san wata ba. Iyatu ta shiga tsakani ta dafa kafaɗarta, ta ce ɗiyarta ce. Mutumin ya sake buɗe takardarta ya duba, ya nuna mata inda ake rubuta 'ya'ya. Wurin fari fat. Ya ce ta yi haƙuri, ya kuma faɗe shi kamar da gaske yake.

A bakin mota Hajo ta riƙo hannun Iyatu.

"Malama, na kashe miki makaranta. Na rantse miki ban san sanda ta fito ba."

"Inna Hajo, da ba ki yi ba, ni za ni yi, kuma tawa ba ta da daɗi. Saukar jikarki ce. Ki bar kuka."

Aka tura su bayan mota, cikin wasu mutane da aka kwaso, aka ja ƙofar waya. Hajo ta dunƙule a lungu tana ta maimaita cewa bakinta ne, bakinta ne. Dumbulwa ta dube ta, ta dubi Iyatu ta cikin waya. Sai ta gyara zama, ta ɗora allon a cinya. Yanzu dai ba sauran abin ɓoyewa.

Ta fara daga farko, da dukkan muryarta.

Iyatu ta dafe katanga. Murya ce mai kauri fiye da jikin mai ita, tas, da ɗan karkarwa a ƙarshen kowace aya, kuma tana tafiya ne a kan bugun injin Issoufou, dum-dum-dum, ko da yake injin a mace yake. Mutanen cikin motar suka yi tsit. Direban ma bai tayar ba sai da babban ya taɓa shi. Motar ta ja a hankali, karatun yana binta, Iyatu tana biye a ƙafa ba takalmi, tana kasa kunne ko za ta ji kuskure, ba ta ji ko ɗaya ba har suka sha kwana.

*

Da yamma mai gonar ya zo. Bai shiga ba, a bakin ƙofa ya tsaya da sandarsa, bai kuma yarda ya haɗa ido da Issoufou ba. Ya ce, "Na ji." Ya juya ya tafi.

Washegari da hantsi Iyatu ta share rumfa kamar kullum. Ta tattara alluna ta jingine a bango, ta jera takalman da aka bari ƙafa da ƙafa, ko masu su za su aiko. A ƙarƙashin tabarma ta tsinci 'yar tsintsiyar Dumbulwa ta sharar alkama. Ta zauna da ita a cinya, bakinta a rufe gam, kafaɗunta suna motsi. Ko kuka a ƙasar nan ta saba yin sa a hankali.

Issoufou ya daɗe tsaye yana kallonta daga bakin rijiya. Gindin dabinai cike yake da ruwan jiya, ƙasa ko tsotsewa ba ta yi ba. Ya shiga ɗakin inji, ya tofa yawu a tafin hannu, ya murza. Da bugun ya daidaita ya ƙara masa mai har ya cika, don ta yi kukanta da murya, sannan ya saɓa fartanyarsa ya nufi can ƙarshen gona, bai waiwayo ba.